Takmim ko tahwil masar? Ga bambancinsu kafin ki sa hannu a takardar tiyata

Yanzu fa a Jidda da Makka da wuya ki je biki ko suna ba ki ga wata da kika sani da jikinta masha Allah ta zube ba, kina tambaya ko lafiya sai a ce miki ai takmim ta yi. Abin ya yi yawa har wasu na ɗaukarsa kamar cire haƙori, ga tallan asibitoci a Snapchat da TikTok kullum rangwame, yau na ranar ƙasa gobe na ƙarshen shekara, ga hoton da da na yanzu an jera. Toh amma aikin rage tumbi ba iri ɗaya ba ne, manyansa guda biyu ne, takmim da tahwil masar, kuma yawancinmu da "wance ta yi ta yi kyau" muke zaɓe, alhali cikin wance daban naki daban. Da mata nake magana don su suka fi tambaya, amma maza ma ku karanta, tumbin iri ɗaya ne.

Da farko ma ba kowa ake yi wa ba. Akwai lissafin da ake kira BMI, ki raba nauyinki da tsayinki, abin da ya fito ki sake raba shi da tsayin. Mai kilo 110 da tsayin mita 1.62 nata ya kama 42. Tsohuwar ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce sai mai 40, ko mai 35 da ke da wata cuta irin suga ko hawan jini ko ɗaukewar numfashi cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta, suka ce daga 35 a yi ko babu wata cuta, daga 30 kuma a duba idan akwai suga da ya ƙi jin magani. In naki 28 ne kina son ki shiga rigar biki, wallahi ba ke ake nufi ba, kuma likitan da ya yarda ya yanka ki a haka ki guje shi.

Takmim shi ne wanda kowa ya sani. Ana huda ciki ƙananan huji huɗu ko biyar a shiga da kyamara, a yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a tsaye a ɗinke da dabbasa, wato na'urar ɗinki mai ƙananan filoli, a zaro wanda aka yanke a yar. Abin da ya rage siriri ne, bai fi cin istikanar shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba da farko. Hanji ba a taɓa shi, abinci na bin hanyarsa ta da. Kuma ba ƙanƙantar kawai ke aiki ba, ɓangaren da aka cire shi ke samar da mafi yawan sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa za ki ji masu takmim na cewa a watannin farko sai sun tuna wa kansu cin abinci. Asalinsa ma ba aiki ne mai zaman kansa ba, matakin farko ne na wani babban aiki da ake yi wa masu ƙiba sosai, sai likitoci suka lura mutane na ramewa tun ba a kai ga mataki na biyun ba. Yau shi aka fi yi a duniya. Abin da aka cire kuwa ya tafi kenan, babu mayarwa.

Tahwil masar ya girme shi nesa ba kusa ba, wani likita Edward Mason ne ya fara shi a Amurka tun 1966. Shi ba a cire komai, ana datse saman tumbin a yi ɗan aljihu da bai wuce cin finjalin gahawa ba, wajen mil 30, sannan a yanko ƙaramin hanji a jona shi da aljihun, sai abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Kenan abu biyu ne, kin ci kaɗan, kuma kaɗan ɗin ma ba duka jiki ke tsotsa ba. Ɗinki biyu ne a ciki, aikin ya fi daɗewa a ɗakin tiyata kuma yawanci ya fi tsada.

Tambayar da kowa ke fara yi, wanne ya fi ramarwa? Tahwil ne, amma ba da tazarar da ake zuzutawa ba. A Finland an raba mutum 240 gida biyu aka bi su shekara 5, masu takmim sun zubar da kashi 49 na rarar nauyinsu, wato abin da ya ɗoru kan nauyin da ya dace da tsayinsu, masu tahwil kashi 57. In muka koma kan mai kilo 110 ɗin nan, rarar nauyinta wajen kilo 44 ne, kin ga bambancin bai wuce kilo 4 ba. A Suwizalan ma an yi irinsa da mutum 217 aka samu 61 da 68. Duk biyun dai mutum na iya sa ran sauke wajen rubu'in nauyinsa ko sama da haka kaɗan a shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, daga nan ya tsaya, daga baya wasu kiloli su dawo, wannan a duka biyun ne kuma an fi ganinsa a takmim. Ni a ganina wadda ta zaɓi aiki don kilo 4 ta bar abin dubawa ta kama wani.

Abin dubawa na farko ƙwannafi ne, kuma shi ne wanda masu talla ba sa ambata. Takmim na mayar da tumbi matsattse, ƙofar ƙasa na nan da ƙarfinta, toh in abinci da ruwan tsami sun rasa wuri sama suke yowa. A wancan bincike na Suwizalan kusan kashi 32 na masu takmim ƙwannafinsu ƙaruwa ya yi, a masu tahwil kashi 6 ne kawai, kuma cikin waɗanda dama suna da shi kashi 60 na masu tahwil sun rabu da shi. Na Finland da aka ci gaba da bi har shekara 10 an leƙa da kyamara aka ga kumburin maƙoshi a kashi 31 na masu takmim, 7 a masu tahwil. Ba ƙaramin abu ba ne, tsamin nan in ya shekara da shekaru yana ƙona bututun abinci yana iya canja fatar wurin, abin da sai an riƙa sa ido a kai. Na ga wata baiwar Allah a unguwarmu, jiki ya yi daidai kowa na yabawa, amma filo uku take jerawa ta kwana a kishingiɗe, in ta sha shayi bayan isha'i ranar ba barci, ko sujada sai ta jira abinci ya faɗa, ƙarshe sai da aka sake shiga aka mayar mata da takmim ɗin tahwil, kuɗi biyu wahala biyu. Don haka in dama ke mai Gaviscon a jaka ce, ko kullum sai kin haɗiyi omeprazole kafin ki karya, ko an taɓa ce miki saman tumbinki ya zarce ta tantanin ƙirji, dan Allah kar ki yarda a yi miki takmim ba a fara saka miki kyamara ta baki an duba ba. Wannan dubawar ce ma ke nuna ko akwai ƙwayar cutar nan mai kawo olsa, a kashe ta tukuna.

Na biyu suga. Nan ma tahwil ke gaba. Akwai binciken da aka yi a asibitin Cleveland na Amurka da mutum 150 masu suga da ƙiba, bayan shekara 5 waɗanda awon sugarsu na wata uku ya sauko 6 ko ƙasa, kashi 29 ne a masu tahwil, 23 a masu takmim, masu magani zalla kuma kashi 5. Ki lura fa, ba kowa ya warke ba, mafi yawa sauƙi suka samu, maganin ya ragu, wasu suka bar insulin. Wanda sugarsa sabo ne bai kai ga allura ba ya fi samun rabuwa da shi ko da wanne aka yi, wanda ya shekara goma sha yana insulin kar ya sa rai da yawa. In suga ne babban abin da ya kai ki, ki zauna da likita a kan tahwil da gaske.

Toh in haka ne me ya sa ba kowa zai yi tahwil ɗin ba? Saboda kuɗinsa ba a kantar asibiti ake gama biya ba.

Ɗauki zaƙi. Mu nan ko ina kika shiga gahawa ce da dabino, ga basbusa ga kunafa ga lugaimat, in azumi ya zo ga Vimto ga sobiya. Mai tahwil in ta sake ta sha zaƙi da yawa a tashi ɗaya yana zubawa ne kai tsaye cikin hanji, minti goma zuwa talatin sai zufa, zuciya na bugawa, jiri, murɗar ciki, wani lokaci gudawa, dole ta nemi wurin kwanciya. Wata kuma sai bayan awa biyu sugarta ya faɗi ta kama rawar jiki. Wasu likitoci na ganin wannan birki ne mai amfani ga mai son zaƙi, don mai takmim na iya zuƙar askirim da lemo su wuce sumul ba abin da ya tare su, a haka kilolin ke lallaɓowa su dawo. Gaskiya ne, amma ki san da shi kafin ki shiga. Lemon kwalba mai gas kam duka biyun an ce a bari.

Sai bitamin. Duka biyun sai an sha, amma a tahwil ba wasa. Farkon hanjin da aka tsallake nan ne jiki ya fi tsotsar ayon da kalsiyam, B12 kuma na buƙatar wani sinadari daga tumbi, don haka ƙarancin jini da raunin ƙashi na jiran duk wadda ta yi sakaci, kuma ba na wata shida ba ne, har ƙarshen rayuwa ne, da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara bayan an wuce shekarar farko. Mu mata da yawanmu dama jinin ba isarmu ya yi ba, ga al'ada ga haihuwa kusa-kusa. Mai sikila a jini ko wata matsalar jini kuma ta faɗa wa likita tun ranar farko.

Ga maganin ciwo. Brufen da Voltaren da danginsu, waɗanda muke haɗiya don ciwon gwiwa da baya ba tare da tambayar kowa ba, mai tahwil an raba ta da su, don suna haddasa gyambo daidai wurin da aka jona hanji da aljihun, gyambon kuma na iya zubar da jini ko ya huje. Taba da shisha ma haka suke yi, maza masu zaman mu'assal ku ji da kyau, in ba za ku iya bari ba tahwil ba naku ba ne, kuma ko takmim ne sai an bari makonni kafin aiki don ɗinki ya kama. Wadda gwiwarta ta riga ta lalace ba ta iya kwana sai da irin waɗannan magunguna, takmim ya fi mata sauƙi.

Abin da ya fi damuna kuma, wanda likita Balarabe ba lalle ya kawo shi a ransa ba, shi ne ina za ki kasance nan da shekara biyar ko goma. Cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai masu iƙama da ke hannun kafili ko a kan aikin miji, yau ana nan gobe an buga huruj niha'i. Tahwil na da wata matsala da kan taso ko bayan shekaru, hanji ya zura cikin wani gurbi da aikin ya bari ya shaƙe, ciwon ciki ne mai tsanani da ke son hoton siti da likitan da ya san irin aikin, cikin awoyi ba kwanaki ba. In Kano ko Abuja ko Yamai za ki koma cikin gari da sauƙi, in kuwa ƙauye ne mai nisa da babban asibiti, inda za a ce olsa ce a ba ki ruwan magani ki koma gida, toh ki yi tunani sau biyu. Haka bitamin ɗin, wanda kike ɗauka a kemis ɗin Nahdi ko Dawa'a da katin inshora can da kuɗinki za ki nema, wani ma ba za ki samu ba. Takmim bai da wannan matsalar ta hanji, kuma ko an yi sakaci da bitamin illarsa ba ta kai ta tahwil saurin bayyana ba, ba wai na ce a yi sakacin ba.

Haɗarin aikin kansa a hannun ƙwararre kaɗan ne, mutuwa na wajen mutum 1 zuwa 3 cikin 1000, kusan daidai da cire madaciya. Abin tsoro a makonnin farko shi ne yoyon ɗinki da zubar jini da jalɗa, wato daskarewar jini, a ƙafa ko huhu. Bugun zuciya ya haura 120, zazzaɓi, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, wannan ba na jiƙa habbatus sauda ba ne, a koma asibiti a daren ko a kira 997. Amai da ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki shi ma haka, yana ƙarar da bitamin B1 har ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ƙafa. Zubar gashi daga wata na uku zuwa na shida da yawa na yi kuma yana dawowa in ana cin furotin, giram 60 zuwa 80 a rana. Tsakuwar madaciya na yawan fitowa saboda saurin ramar. Fata kuma za ta saki, hannu da ciki da cinya, wannan babu wanda ya fi wani.

Zaman gida bayan aikin ma kusan ɗaya ne, wajen sati biyu ruwa-ruwa, romo da laban da madara, sannan markaɗaɗɗe, sannan mai laushi. Yayata da ta yi takmim ranar da aka fara ba ta izinin abinci sosai mun zauna gaban faranti na mandi, ta ɗebi cokali uku na kaza ta tauna kamar ba za ta haɗiye ba, ta ajiye cokali, gwaggonmu na ta faɗa wai "ci mana 'yar nan, ko sai kin mutu za ki huta", ita kuwa ƙari ɗaya in ta yi sai ya dawo. Shinkafa da tamis da tuwo su suka fi wuyar wucewa, sai a fara da nama ko ƙwai ko ful, in da sauran wuri a taɓa shinkafar. Ba a haɗa ci da sha, sai an ba da rabin awa tsakani. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi ake yini ana sha, ko zamzam ne ba za ki iya cika ciki da shi a tsaye ɗaya yadda kika saba ba, ga zafin Makka, don haka kar ki sa aikinki dab da Ramadan ko lokacin da kike da niyyar aikin Hajji. Likitoci da yawa na hana azumi a watannin farko, mara lafiya kuma Allah Ya ba shi rangwamen ramawa, ki tambayi likitanki ki tambayi malami. Ciki kuma a jinkirta shi wata 12 zuwa 18, kuma a kula, haihuwa na buɗewa da zarar an fara ramewa, wadda ta shekara tana nema sai ki ji ta samu a wata na huɗu lokacin da jikinta ko kansa bai ciyar ba. Masu tahwil ƙwayar tsarin iyali ta sha ba abin dogaro ba ce, a nemi wata hanyar.

Sauran hanyoyin a gurguje. Akwai ƙaramin tahwil mai ɗinki ɗaya, yana ramarwa sosai amma ya fi jawo ƙarancin abinci a jiki kuma ruwan madaciya na iya yowa sama. Zoben da ake ɗaura wa tumbi an kusa daina shi, da yawa cirewa aka yi. Balan-balan ba tiyata ba ce, wata 4 zuwa 6 yake yi a ciki, wani shekara, ya sauke kashi 10 zuwa 15, in an cire ba a canja ci ba nauyin ya dawo. Allurai kuma su ne sabon yayi, Wegovy a gwajinsa ya sauke wajen kashi 15 na nauyi, Mounjaro mafi ƙarfinsa wajen kashi 21, amma waɗanda suka daina na farkon sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara ɗaya, kenan kuɗi ne duk wata ba ranar gamawa. Mai BMI 31 ko 33 ni da ita ce da allurar zan fara a hannun likita. Mai 45 da suga da gwiwa da minshari, allura da wuya ta kai ta inda take so, kuma zama da ƙibar ma ba lafiya ba ce, a Suwidin an bi mutum wajen 4000 tun daga 1987 aka ga waɗanda aka yi wa tiyata mutuwa ta ragu a cikinsu da kusan kashi 29.

In kin tsai da shawara, kar rangwame ya ja ki. Ki duba likitan na da rajista da hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, asibitin na da shaidar CBAHI, hukumar tantance asibitoci, da ɗakin kulawa mai tsanani, ki tambaye shi kai tsaye, "Dakta, duka biyun kana yi ko takmim kawai?", don wanda abu ɗaya ya iya shi zai ce ya dace da ke. Ki tambaya kuɗin ya haɗa da ganin mai tsara abinci da bibiya na shekara, kuma in yoyo ya faru wa zai biya kwanakin asibiti. Masu ta'amin ku kira kamfanin ku ji sharaɗin BMI ɗinsu da iya abin da suke biya, a rubuce. Ranar sallama kuma kar ki fita sai da rahoton aikin da Turanci, wanda ya faɗi irin aikin da aka yi da tsawon hanjin da aka tsallake in tahwil ne, ki ɗauki hotonsa a waya ki ajiye asalin tare da fasfo, don likitan da zai gan ki a Kano ko Zinder wata rana ba lalle ya iya karanta Larabci ba.